Talotalo Sukutum: Wace Wuta Ce Ta Dace da Shi a Daura?

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Kusugu da hantsi yana iya cin karo da namijin talotalo a ƙofar wani gida, ya baza wutsiya, fikafikai na jan ƙasa, wuya ya yi jajir, yara na yi masa fito yana amsawa. Kiwonsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Daura. Cin sa ne bai zama jiki ba. A gidaje da yawa dukiyar ajiya ce: mace ta yi kiwo shekara guda, in Disamba ta gabato 'yan kasuwa su bi kasuwanni irin ta Mai'adua su saye, a loda a mota a yi Kudu da su saboda Kirsimeti. In kuwa an yanka a gida, gunduwa-gunduwa ake yi, a tafasa, a soya, a jefa a miya, yadda ake yi wa kaza ko zabo.

Yanzu waya ta kawo wani hoton dabam. Matan aure da 'yan mata masu sha'awar girki suna ganin talotalo sukutum a faranti, fatarsa ta yi ja tana sheƙi, suna so su fitar da irinsa ga baƙin Sallah, ko baƙin Gani da ke cika garin a watan Maulidi, ko ranar walima. Da dama sun gwada, sun tashi da ƙirji busasshe da cinya mai jini a gaɓa, sai aka yanke hukunci cewa naman talotalo ba daɗi. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Umarnin girkin da ake kwaikwayo an rubuta shi ne domin wani tsuntsu dabam da wani madafi dabam, kuma dabarun da suka fi dacewa da namu tsuntsun suna hannun iyayenmu mata da mahautanmu tun tuni.

Asalin talotalo nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau su suka fara mayar da shi na gida, ƙarnoni kafin zuwan Turawa, Sifaniyawa kuma suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. Gasa shi sukutum al'adar Turawa ce: mutanen Ingila a Kirsimeti, Amurkawa a bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, wanda shugaba Abraham Lincoln ya mayar da shi bikin ƙasa a 1863. Ana ƙiyasta cewa talotalo miliyan 46 ake ci a wannan biki kaɗai. Irin da suke ci fari ne mai faɗin ƙirji, wanda aka yi ta zaɓen irinsa har ƙirjin ya yi nauyin da namiji ba ya iya barbarar mace sai da taimakon ɗan Adam. Ana yanka shi yana da wata huɗu zuwa biyar, bai taɓa yin tafiyar kirki ba. Namu ya shekara ko fiye yana yawo, yana tsintar gero a masussuka, yana bin fara a gona, yana gudun kare. Ƙirjinsa siriri ne, kitsensa kaɗan, cinyarsa jijiya. Ya fi nasu ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma wanda ya ba shi lokacin da littafin Bature ya faɗa zai sha tauna.

Akwai kuma matsalar da ke jikin kowane talotalo, namu da nasu. Nama iri biyu ne a jiki guda. Ƙirji farin nama ne marar kitse, ya nuna da zarar zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, in ya wuce haka sosai ruwansa ya tsiyaye ya bar tsoka kamar katako. Cinya kuwa jan nama ce mai jijiyoyi, tana bukatar zafi ya kai digiri 80 ko sama, ya kuma jima a haka, kafin jijiyar ta narke ta ba da laushi da danƙon romo. A jikin kaza wannan bambanci ba ya damun kowa, tunda cikin awa guda an gama. A jikin tsuntsu mai kilo 6 ko 7, lokacin da cinya take jira shi ne lokacin da ƙirji yake bushewa. Kowace hanyar dafa talotalo sukutum ƙoƙari ce ta sasanta waɗannan biyun, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna ta.

Rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a hura wuta. Yankan kansa na mutum biyu ne, domin dukan fiffiken talotalo ba wasa ba ne. Bayan an yi bisimilla an yanka, jini ya gama zuba, ruwan figa kada ya zama tafasasshe. Wanda ya kai kimanin digiri 60 ya isa, wato ruwan da hannu ba ya jurewa amma bai fara tafasa ba. Tafasasshen ruwa yana yaga fata, fata kuwa ita ke tsare ruwan naman a kan wuta. A cire kayan ciki a hankali kada maɗaciya ta fashe, a ajiye hanta da ƙundu da wuya domin romo. Tsohon talotalo yana da wasu jijiyoyi a ƙauri da suka ƙanƙare suka koma tsinkayen ƙashi. In aka karya ƙafar daga ƙasan gwiwa aka ja da ƙarfi, yawancinsu sukan biyo, kuma mai cin ƙaurin zai gode.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne daga yanka sai tukunya. Nama yakan sandare 'yan sa'o'i bayan yanka, in aka dafa shi a wannan hali tauri ya zauna masa. Yana bukatar ya kwana a sanyi. To a Daura, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, ina sanyin? Kada sanyin hunturu ya ruɗi kowa. Daren da muke lulluɓa da bargo biyu bai kai sanyin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗanyen nama ba, wanda shi ne ƙasa da digiri 5. Mafita mai sauƙi ita ce babbar kula da ƙanƙarar da ake sayarwa a gari. A narka gishiri cokali babba uku a kowace litar ruwa, a zuba dakakkiyar citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro, a nutsar da tsuntsun, a ɗora ƙanƙara a ɗaure cikin leda don kada ta tsinka ruwan, a rufe, a bar shi awa 12 zuwa 18 ana ƙara ƙanƙara in ta narke. Gishirin yana shiga tsoka ya sa ta riƙe ruwa a kan wuta, hutun kuma yana sakin sandarewar. Mai firjin da ke aiki tana iya shafa busasshen gishiri kawai, kimanin giram 10 a kowane kilo, ta bar shi a buɗe ya kwana, fatar ma ta fi yin ƙaras-ƙaras. Wadda ta yi ɗayan biyun ta rage magi da gishiri a sauran haɗin.

A garin da kindirmo ba ya yankewa, abin mamaki ne yadda ba mu cika jiƙa nama da shi ba. Tsaminsa mai sauƙi ne, yana tausasa nama ba tare da ya dagargaza shi ba, yana kuma riƙe kayan ƙanshi a jiki. Ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi yana aiki, amma saman nama kawai yake taɓawa. Kanwa kam a bar ta wa wake. Tana ɓata launi da ɗanɗanon tsuntsu.

Mai sayen daskararre yana da nasa lissafin. Tun 2003 gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji da talotalo, amma ba su daina tsallako iyaka ta ɓarauniyar hanya ba, musamman daga Kwatano. Wanda ya sayi irin wannan bai san wanda ya yanka ba, bai san ko an ambaci sunan Allah ba, bai kuma san sau nawa ya narke ya sake daskarewa a hanya ba. Na gonakin gida da aka san inda suka fito sun fi kwanciyar hankali. Narkar da shi kuma ba a rana ake yi ba: ko dai a firji, kwana ɗaya ga kowane kilo biyu, ko a ruwan sanyi ana canza ruwan duk rabin awa, kimanin awa ɗaya ga kowane kilo.

Gashin tanderun zamani, na gas ko na lantarki, shi ne wanda ake gani a hoto. Ana saita zafi a digiri 165, a ba kowane kilo minti 30 zuwa 35, a shafe fata da man shanu, a rufe ƙirji da takardar alminiyam har sai saura minti 40 ko makamancin haka a buɗe ya yi ja. Wasu sukan fara da kifa ƙirjin ƙasa, su juya daga baya. Ga matashin talotalon gona mai ƙiba, wannan hanya tana bayar da abin da ake so. Ga tsohon namijin tsakar gida, busasshen zafi ne na awa uku zuwa huɗu a kan naman da ba shi da kitsen kare kansa, kuma ko da an jiƙa shi a gishiri cinyar takan fito da gardama. Wadda ta dage sai tanderu, ta zuba romo kofi biyu a farantin, ta rufe tsuntsun ruf na awa biyu na farko, ta yadda tururi zai yi aikin da busasshen zafi ba zai iya ba. Ta kuma tabbatar tukunyar gas ɗinta ba ta kusa ƙarewa ba. Wasu sukan roƙi masu gidan burodi su saka musu bayan an kwashe burodin ƙarshe, lokacin da zafin tanderun ya fara sauka. Dabara ce mai kyau in akwai wanda zai tsaya a kai.

Kafin a bar tanderu, a yi maganar cusa abinci a cikin tsuntsun. Turawa suna cusa burodi da ganyaye, Larabawa shinkafa da 'ya'yan itatuwa. Yana da ban sha'awa a ido, amma abin da aka cusa yana shan ɗanyen ruwan nama, don haka shi ma dole zafinsa ya kai digiri 74, kafin ya kai kuwa ƙirji ya daɗe da bushewa. Albasa da lemon tsami da citta sun isa a ciki. Shinkafar a dafa ta dabam da romon.

Suya cikin mai ita ce hanyar da ta fi sauri, ta kuma fi haɗari. Daga Luwiziyana da ke kudancin ƙasar Amurka ta shahara: ana tsoma talotalo sukutum a man gyaɗa mai zafin digiri 175, kowane kilo minti 7 zuwa 8, cikin ƙasa da awa guda an gama, fata ta yi ƙaras, ciki da ruwansa. Sai dai tana cin mai lita 12 zuwa 15, kuma duk shekara hukumomin kashe gobara a can sai sun yi gargaɗi saboda gidajen da take ƙonawa. In da sauran ruwa ko ƙanƙara a jikin tsuntsun, mai ya yi tsalle ya malalo kan wuta. A tsakar gidanmu, da yara na guje-guje da rumfar kara a gefe da murhun duwatsu uku da ba ya riƙe doguwar tukunya daram, ba zan shawarci kowa da ita ba. Man ƙulin da ake matsa a gida ma ya fi tataccen mai saurin yin hayaƙi. Wanda ya ce lallai sai ya yi, ya fara auna yawan man da ruwa tun tsuntsun na ɗanye don ya san inda zai tsaya, ya tsane shi sarai, ya kashe wuta lokacin tsomawa, ya kuma yi a fili nesa da ɗaki. Ko a haka, saurin suyar ba ya ba jijiyar tsohon talotalo lokacin narkewa.

Garwashi ya fi kusa da mu. Mai tsire a bakin tukubarsa ya san abin da masu girkin Turai suke ta yaɗawa yanzu a matsayin sabuwar dabara: kazar da aka tsaga aka shimfiɗe ta fi dunƙulalliya gasuwa daidai. Haka ake yi wa talotalo. A cire ƙashin baya da wuƙa mai ƙarfi, a kifa shi, a danna ƙirji har ya karye ya kwanta. Tsuntsun yana nan guda, amma kaurinsa ya ragu, lokacin gashi ya ragu da kusan rabi, kuma an samu damar juya cinyoyi wajen da wuta ta fi ƙarfi, ƙirji wajen da ta lafa. Sirrin shi ne a tara garwashi gefe guda, kada a ɗora naman kai tsaye a kan jar wuta, a kifa masa babban kwano ko rabin durom don zafi ya zagaye shi, a riƙa shafa mai jefi-jefi. Yajin ƙuli a bar shi sai ƙarshe, domin gyaɗa tana ƙonewa ta yi ɗaci tun nama bai nuna ba. Gawayin ƙirya ya fi daɗewa yana ci. Kada a hura da leda ko roba, kada kuma a naɗe naman da takardar siminti, ko da an saba ganin haka a bakin titi. Wannan hanya ta dace da macen talotalo ko matashin namiji, kuma ita ce ke ba da ƙanshin hayaƙin da tanderu ba zai taɓa bayarwa ba.

Akwai masu gashin rami: a haƙa rami, a ƙona itace har ya zama garwashi, a saka nama a rufe, a binne na wasu awanni, yadda mutanen Hadramaut a Yaman suke yin mandi, mutanen Yukatan a Meziko kuma suke gasa nasu talotalon. Naman yana fitowa da laushi. Amma ba a ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma itacen da yake ci ya yi yawa ga yankin da hamada ke matsowa.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da talotalon Daura ita ce gashin tukunya, sannan a ƙarasa a kan garwashi. Ana bukatar babbar tukunyar biki mai kaurin gindi da murfi mai zama. A shimfiɗa albasa yankan kauri a ƙasa, da yawa, ta zama matashi tsakanin nama da ƙarfe. A shafe tsuntsun ciki da waje da niƙaƙƙen haɗin citta da tafarnuwa da kimba da masoro da attarugu kaɗan da man shanu, a tura wani haɗin ƙarƙashin fatar ƙirji da yatsa. A kwantar da shi a kan bayansa, cinyoyi da baya suna kusa da ruwa da zafin gindin tukunya, ƙirji yana sama inda tururi kaɗai ke isa gare shi. Ruwa kofi biyu ko uku ya isa, domin albasar da tsuntsun za su fitar da nasu. A rufe, a toshe bakin murfi da kwaɓaɓɓen fulawa ko jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a ɗora a kan wuta marar ƙarfi wadda za a riƙa jin tukunyar tana ɗan motsi kawai. Tsohon namiji yana son awa biyu da rabi zuwa uku. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, a nan kuwa romon ne ribar farko: ruwan da zai taru a gindin tukunya, da albasar da ta narke a ciki, shi za a dafa shinkafa da shi ko a kaɗa miya.

Abin da tukunya ba ta bayarwa shi ne launi. Tsuntsun zai fito fari fat, fata laɓe-laɓe. Sai a ɗaga shi da hankali, mutum biyu da matsamai biyu, don kada cinya ta rabu da jiki, a bar shi ya sha iska kaɗan fata ta tsane, a shafa mai da niƙaƙƙen tattasai, a ɗora a kan waya bisa garwashi minti 20 zuwa 30 ana juyawa har ya yi ja. Mai tanderu ta saka shi a zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wadda ta saba gasa kek a tukunyar yashi da garwashi a kan murfi tana iya yin hakan ma a nan. Wannan ba wani abu ba ne illa tafasa-sannan-a-soya da kowace uwar gida ta sani, an dai bar tsuntsun a haɗe. Kuma gawayin da rufaffiyar tukunya take ci bai kai na buɗaɗɗen gashi ba. Abin lura ne cewa mutanen Meziko, waɗanda suka fi kowa daɗewa da wannan tsuntsu, shahararren girkinsu na biki dafa shi suke yi a ruwa, sannan su ƙarasa shi cikin miya mai kauri ta barkono da riɗi da cakulan.

Ko wace hanya aka bi, a tabbatar ya nuna. Ɗan ma'aunin zafi na girki, wanda ake sokawa a nama, ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin talotalon kansa. A soka shi a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sannan a kaurin ƙirji. In babu, a soka wuƙa a mahaɗar cinya da jiki: ruwan da zai fito ya zama garau ba ja, cinyar kuma ta riƙa motsi ba gardama. Ɗanyen naman tsuntsu yana ɗauke da ƙwayoyin da ke jawo amai da gudawa, don haka wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa shi a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye. Bayan an sauke, a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 kafin a sa wuƙa, in ba haka ba ruwan da aka sha wahalar tsarewa zai ƙare a faranti.

Talotalo guda yakan fi ƙarfin zama ɗaya, ko da an fitar wa baƙi a zaure an kuma aika wa maƙwabta. A yanayinmu dafaffen nama bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Ragowar ƙirji, wanda shi ne ke fara gundurar mutane, ya fi kyau a daka shi a turmi da albasa da yaji a soya dambun nama, wanda zai yi kwanaki bai lalace ba. Cinya da fiffike a soya su yadda ake yi wa naman layya. Ƙasusuwa da wuya da ƙashin bayan da aka cire a tafasa su tun daren da daddawa da ɗan barkono, washegari a kaɗa miyar kuka da romon.